Jirgin Baba a Kududdufin Kwaciri

Ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar da na rantse sai na gyara jirgin babana ba. Jirgi fa na ruwa, na katako, irin wanda masunta suke kamun kifi da shi. Ni kuwa da kuke ji, shekarata talatin da ɗoriya a Kwaciri, ruwan da na saba da shi bai wuce na randa da na 'yan ga-ruwa ba. Ko biki ne sai an yi da gaske nake fita. Amma ni ce na tashi gyaran jirgi. Ku bari in faɗa muku da bakina, don labarin da yake yawo a unguwa an cika masa gishiri.

Babanmu masunci ne a wani ƙauye gaba da Wudil. Ni tun ina 'yar shekara shida gwaggona ta ɗauko ni riƙo zuwa Fagge, saboda haka abin da na sani game da sana'ar tasa bai wuce cin kifin ba. Bayan rasuwar Baba, jirginsa ya shekara biyu a kife a bayan gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. A farkon sanyin nan muka je suna gidan wanmu, Yaya Sale. Ina ɗaki ina kwasar tuwo, sai na jiyo shi ta taga yana ce wa matarsa, "Gobe a kira mai gatari ya faskara wancan tarkacen, yara su samu na jin ɗumi." (Karatu bai zauna mini ba, amma kunne kam Allah ya ba ni. Ko raɗa ake yi a zaure ina madafa ina ji.)

Na fito da mara a hannu.

"Yaya, jirgin Baba ne tarkace? Jirgin da ya ciyar da kai, ya yi maka aure?"

"To me za a yi da shi? Ya ruɓe."

"Ni zan gyara."

Ya yi wata dariya da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Ya ce, "To 'yar birni, ɗauki. Na ba ki nan da wucewar sanyi. In ya tsaya a kan ruwa, a ba Baba Ɗanjuma ya ci gaba da kamun kifi da shi. In bai tsaya ba, ki dawo mini da itacena." (Fagge ma ba birni ba ce, amma ban tsaya gyara masa ba.) Baba Ɗanjuma shi ne abokin sana'ar Baba, tare suka tsufa a bakin kogi. A gaban mutane aka yi maganar, don haka babu ja da baya.

Kwana biyu tsakani wata motar kayan gwari ta sauke mini shi a kangon da ke jikin gidanmu. Maigidana, Malam, ya dawo daga shagonsa a kasuwar Singa, ya leƙa kangon, ya daɗe yana kallo.

"Wannan kuma makarar waye?"

"Malam, jirgi ne."

"Na gani. Ina kogin?"

Washegari na zura hijabi, na tari adaidaita zuwa Sabon Gari wajen Oga Sunday, kafintan da ya yi wa 'yata kayan ɗaki. Mutum ne mai hannu, Hausarsa kuwa ta fi ta wasunmu, don a nan aka haife shi. Da na faɗa masa, ya ajiye zarto ya ce, "Hajiya, ni fa ban taɓa shiga jirgi ba. Ko garin kakannina zan je, ta kan gada nake wucewa, idona a rufe." Na ce katako dai ai katako ne. Ya yi tunani kaɗan, ya ce, "Haka ne kuma." To ku lura da kyau, shi ma ya yarda. Ba ni kaɗai ba ce.

Tsakani da Allah, aikin farko ya yi kyau. Falanki uku ne suka ruɓe a ƙasa, ya cire su, ya yanko sababbi, ya kafa. Sauran aiki na ce nawa ne. Kullum in na sallami Malam, na ɗora girki, sai in ɗaura tsohon zani in shiga kango. Sanyi yana tsaga mini leɓe, hannuna duk ya yi kaushi, amma wallahi daɗi nake ji. Akwai wani gurbi a bakin jirgin inda igiyar Baba ta cinye katako saboda shekaru. Nakan sa yatsa a wurin in tuna shi.

A nan ne na gano abin da ya ba ni haushi. Duk inda falanki ya haɗu da falanki, sai in ga an cusa wasu baƙaƙen tsummokara, an danƙare su da kwalta. Na ce kai, maza dai ba su da tsafta, har da Baba, Allah ya jiƙansa. Na ɗauko wuƙar yankan albasa. Sati uku cur ina ƙwaƙule tsumman nan, tsaga bayan tsaga, ban bar ko zare ba. Na cika buhu guda, na ba mai shara. Har alfahari nake yi, ina kiran maƙwabta su zo su gani.

Da Oga Sunday ya dawo, ya ga haske yana shiga ta tsakanin falankai, sai ya ce wannan ba komai ba ne. "Sirrin katako, Hajiya, ya bushe. Ɗanyen katako shi ne yake ba kafinta kunya. Ki bar shi ya sha rana sosai, sannan ki kwaɓa garin katako da gam ki cike tsagar. Haka muke yi wa teburi." Na riƙe maganar nan kamar karatu. Da rana in yaye masa, da yamma in lulluɓe shi da leda don kada raɓa ta taɓa shi. Ranar da Malam ya watsa ruwan alwala kusa da ƙofar kangon, sai da muka kwana biyu ba ma magana sosai.

Abin da ya ɗaure mini kai, duk sati tsagar ƙaruwa take yi. In cike yau, jibi ta sake buɗewa. Wata ma har ina hango ƙasa ta cikinta. Sai in ƙara kwaɓi, in ƙara shanya shi. A ƙarshe na bi shi da shuɗin fenti har hannu uku, komai ya rufe. Ya yi ƙyalli kamar sabuwar kwalla. Duk wanda ya gani sai ya ce masha Allah, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa riƙe ko ƙugiyar kifi.

Da sanyi ya fara ja baya, na aika wa Yaya cewa ya zo. Na ce ba sai an kai shi kogi ba, a gwada a kududdufin bayan unguwarmu, inda kowa zai shaida. Ni na zaɓi wurin. Ni na gayyaci mutane. Wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba.

Ranar Asabar da hantsi Malam ya turo 'yan dako shida daga Singa, suka ɗora jirgin a kan kurar ɗaukar kaya. Kafin mu kai bakin kududdufi, rabin Kwaciri ya biyo mu: matan layinmu, teloli, masu shayi, har 'yan adaidaita suna tsayawa da fasinja a ciki. Oga Sunday ya zo da sabuwar riga. Ni kuwa na ci ado da atamfar da nake ajiya, da farin hijabi. Fari! A bakin ruwan da ya yi kore shar, ledoji suna yawo a kai.

Yaya ya iso tare da Baba Ɗanjuma. Tsohon ya zagaya jirgin a hankali, ya danna babban yatsansa a kan wata tsaga, ya ce, "Uhm." Ya matsa gaba, ya sake dannawa, ya sake cewa, "Uhm." Sannan ya dube ni.

"'Yar nan, yaushe rabonsa da ruwa?"

Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Baba, wata uku ko ɗigo bai taɓa shi ba."

"Uhm. To a saka shi."

'Yan dako suka sauke shi, suka tura gabansa cikin ruwa. Daidai nan kunnen nan nawa ya jawo mini. Na jiyo Yaya yana raɗa wa wani, "Ko kaza ba za ta yarda ta shiga wannan ba." Ban san lokacin da na tattare zani ba. Na fizge wata gora a hannun mai kura, na haye, na zauna daram a tsakiya. Baba Ɗanjuma ya ce, "'Yar nan, dakata..." Malam ya ce, "Ke, mene ne haka?" Na ce wa 'yan dako, "Ku tura!" Su kuwa irin mutanen da suke tura buhunan sukari ne, suka tura da gaske.

Jirgi ya tafi sumul. Mata suka rangaɗa guɗa. Na juyo na kalli Yaya ido cikin ido, har na ɗaga masa hannu.

Sai na ji sanyi a dunduniyata.

Na ce a raina, fantsamar turawa ce. Na ci gaba da murmushi. Sanyin ya kai idon sawu. Na saci kallon ƙasa, sai na ga ruwa yana ɓulɓulowa ta kowace tsaga, a jere, kamar an buɗe famfuna. Kwaɓin da na yi wata biyu ina yi ya fara sakin jiki, yana tasowa gutsi-gutsi kamar garin kwaki a kofi. Na cire takalmi ɗaya na fara kwalfa da shi, a ɓoye, don kada a gane. (Mutum ɗari suna kallo, ni wai a ɓoye.) Guɗa ta tsaya. Wata murya daga baya ta ce, "Ai kamar ƙasa take yi." Na caka gorar nan don in komo, ta kafe a taɓo, jirgi ya wuce ya bar ta a tsaye.

Ruwa ya kai cinya, ya kai ƙugu. Da ya kai ƙirjina na haƙura da jarunta. Na rufe ido, na ɗaga hannu biyu, na kama kalmar shahada da ƙarfi. Na ce Malam ya yafe mini. Na ce a kula mini da 'ya'ya. Har Yaya na ce na yafe masa, abin da na fi nadama ke nan. Ina cikin haka na ji jirgin ya yi dum, ya daina motsi. Sai muryar Malam daga gaɓa:

"Ki miƙe tsaye mana!"

Na miƙe. Ruwan iya cinyata.

Haka na tako zuwa gaɓa, takalmi ɗaya a hannu, ɗayan ya zama rabon taɓo, farin hijabi ya koma kore, wata ledar taliya a manne a kafaɗata. Haƙorana suna haɗuwa. Babu wanda ya yi dariya tukuna, kowa yana danne ta, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Yaya ya yi gyaran murya ya ce, "To, alhamdulillahi babu rauni. Sai a fito da shi a nemo mai gatari." A nan ne hawaye suka zo mini, ba don kunyar ba. Na ga jirgin Baba a murhu.

Baba Ɗanjuma ya ce, "Gatarin me, Sale? Ai yanzu aka fara gyara." Kowa ya juya. Ya ce, "Jirgin da ya bushe nutsar da shi ake yi, kwana uku, katako ya sha ruwa ya kumbura, tsaga ta matse. Shi ya sa na ce a saka shi." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Sai dai mu da duwatsu muke danne shi. Tunda nake ban taɓa ganin an danne da mutum ba."

Kai jama'a. Har mai shayi sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Malam, mijina na sunna, ya juya baya wai tari yake yi, kafaɗunsa suna rawa.

Na ce, "Baba, ka san haka, ba ka faɗa ba?"

"Na ce ki dakata."

Dakata! Wai wannan shi ne bayani. Mutum yana da ilmin shekara sittin a cikinsa, abin da zai fitar shi ne "uhm" uku da "dakata" ɗaya. Na juya kan Oga Sunday, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce, "Hajiya, ni dai teburina bai taɓa nutsewa ba."

Tsohon ya yi kwana huɗu a zaurenmu. Da aka jawo jirgin, rabin fentina ya ɓare, amma tsagun sun matse sai 'yan kaɗan. Ya zauna yana kankare ragowar gam, sai ya tambaya, "Wa ya cire tsumman da mahaifinki ya cusa? Aikin shekaru ne fa." Na ce zan je in duba girki. Daga baya ya aiko a ba shi tsofaffin zannuwa biyu da kwalta. Ya yayyaga, ya cusa, ya danƙare, daidai irin ƙazantar da na ba mai shara. Aka sake saka shi, ya tsaya cak, ko ɗigo. Ina leƙe daga nesa, a cikin adaidaita, da mura. Yanzu haka yana kogi, Baba Ɗanjuma yana su da shi, Yaya kuwa bai samu ko tsinke ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san abin nan tun da can. Duk rani in turmina ya fara tsagewa, ruwa nake zuba masa ya kwana, da safe ya haɗe. Ni da hannuna, shekara da shekaru. Amma da aka ce jirgi, sai na bar ilmin madafata na tafi Sabon Gari neman na teburi.

Yanzu dai na yi hankali. In na ga abu ya yi kama da ƙazanta a sana'ar da ba tawa ba, sai na tambaya kafin in ɗauko wuƙa. In kuma za a gwada wani abu a ruwa, a fara sa dutse. Shi ba ya mura, kuma ba shi da maƙwabta.