Laftof Ɗina da Tumatirin Surukina

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ba na jin zan taɓa mantawa da wata Juma'a da na yi a shagon surukina a bakin bodar Jibiya. Lokacin watana biyar da aure, ban daɗe da dawowa daga karatun kwamfuta a Zariya ba, kuma duk layinmu Injiniya ake ce mini. (Ko fitila ban taɓa haɗawa ba, amma ban taɓa hana kowa faɗa ba.)

Surukina, wanda nake kira Baba, fataucin kayan gwari yake yi. Yana sayen tumatir a hannun masu noman rani na bakin dam, ya loda a mota a kai Maraɗi. Kafin mota ta tsallaka sai an buga takardar jerin kaya: kwando nawa, sunan direba, lambar mota, da sunan mai karɓa a can. Akwai wani mai shagon buga takardu da kowa ke zuwa wurinsa, layinsa kullum har bakin titi. Ranar Alhamis na je gaida Baba, ina durƙushe kaina a ƙasa yadda ya kamata, sai na ji yana gaya wa direbansa Isuhu, mutumin Ɗan Isa ta Nijar, su yi sammako saboda layin nan. Da na ja bakina na yi shiru da na tashi da mutuncina. Sai kawai na ji ina cewa, "Baba, ai ba sai an bi layi ba. Na sayi sabuwar firinta, aikin minti biyar ne."

Ya ce, "To, Malam, Allah shi yi albarka."

Washegari da ƙarfe tara na iso da laftof a jaka da firinta a kwalinta, ko leda ban ɓare mata ba. Bazara ce, rana ta fito da niyya. Motar Isuhu na tsaye a gaban shago, kwandunan tumatir har sama, an lulluɓe su da jiƙaƙƙun buhuna. Kowa ya san ranar Juma'a in mota ba ta shiga boda kafin sha biyu ba, to sai bayan an sauko daga masallaci, shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa.

Na jona firinta, laftof ya ce bai san ta ba.

Bari in yi bayani kaɗan. Babbar manhajar da ke tafiyar da laftof ɗina ba irin ta kowa ba ce, wata ta kyauta ce na girka da hannuna, wadda na dami abokaina da wa'azi a kanta. Ta ce tana buƙatar wani ɗan ƙaramin fayil kafin ta iya magana da firintar, a ƙasa kuma ta ƙara da cewa akwai tarin sabuntawa da ke jira tun watan jiya. Mai hankali ƙaramin zai sauke ya wuce. Ni kuwa na waiga na ga Baba na kallo, ga maƙwabtan shago biyu sun matso, sai na danna a sauke duka. Dalilina ɗaya ne, kuma yau zan faɗe shi: in ana sabuntawa rubutu ke ta gudu a baƙin allo, sai ka ga mutum kamar wani babban masani.

Na jona laftof da datar wayata, na ajiye wayar a kan buhu, na harɗe hannu. Rubutu ya yi gudu layi uku ya tsaya. Kashi ɗaya cikin ɗari. Can aka jima, kashi biyu. A gefe ta rubuta wai saura awa huɗu da wani abu, na yi maza na kare wurin da yatsa.

Irin wannan manhajar ba daga wuri ɗaya ake sauke kayanta ba. An kwafe su an ajiye a manyan kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, masu sana'ar na ce masu mira, kai ne za ka zaɓi inda za ka ɗebo. Da na ga shirun ya yi yawa sai na buɗe makaranta. Ban dubi fuskar Baba ba, ba ta yiwuwa, sai na fuskanci ƙafar benci na yi mata lacca. Na ce, "Kamar rumbuna ne, Baba. Hatsi iri ɗaya ne a ciki, amma wani rumbun hanyarsa cunkoso. Wannan na Afirka ta Kudu ne, yau mutane sun yi masa yawa. Bari in koma na Kenya."

Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ikon Allah."

Abin da ban gaya masa ba, duk sanda ka sauya rumbu sai ta sake karanto jerin kayan da ke cikinsa tun daga farko. Na Kenya ya ci minti ashirin bai gama ko gaisuwa ba. Na ce ai su can ruwa ake yi. (Ban san ko ana yi ba.) Na koma na Faransa, na ce waɗannan ba su da wasa. Suka yi wasa. Na koma na Jamus.

Wajen ƙarfe goma Isuhu ya leƙo, ya share gumi da hularsa, ya ce, "Alhaji, ko in tahi in kama layi wajen mai bugu? In ta Injiniya ta hito, shi ke nan, in ba ta hito ba muna da madahwa."

Maganar gaskiya ce, kuma ni ya kamata in ce ya tafi. Amma na ji in ya tafi an gama da ni a layin nan, sai na ce, "Yanzu-yanzun nan za ta sauka." Baba ya dubi motar, ya dube ni. Na san abin da ke ransa: kayansa ne a rana, amma mijin ɗiyarsa ne zaune a gaban mutane, ba zai tsinka shi ba. Ya ce, "Ƙyale shi, Isuhu, ya san aikinshi." Har yau ban manta wannan karar da ya yi mini ba.

Sha ɗaya ta yi muna kashi goma sha ɗaya. Rigata ta manne a baya. Na soma cire wayar caji ina mayarwa, ina hura bakin ramin, abin da ko a mafarki ba shi da alaƙa da matsalar. Isuhu na ta kai da kawo da bokiti yana yayyafa wa buhuna ruwa. Da na saci kallon motar sai na ga wani ruwa na ɗiga daga ƙasan bodi, kuma ba kalar na bokiti ba ne. Baba ma ya gani. Jan carbinsa kawai ya ƙara sauri.

Ina shirin komawa rumbu na biyar, ina faɗin wai yau duk duniya ce ke da matsala, sai Isuhu ya ajiye bokiti ya tsuguna kusa da ni.

"Injiniya, ban san kan na'urar ga ba. Amma ba ni wayar taka in gani."

Na miƙa masa don dai kada a ce na yi girman kai. Ya kare ta daga rana da tafin hannu, ya duba saman allon, ya ce a hankali, "Ai ta ƙetare. Rezon gida ta kama."

Wayata ta saki sabis ɗin Najeriya ta kama na Nijar. Tun da na zauna a shagon take can, tana jan data ta bakin allura. A bakin boda kowa ya san wannan. Mai goro ya sani, mai faci ya sani, duk wanda ke wuni a nan ya kulle wayarsa a kan sabis ɗaya don kada ta riƙa tsallakawa. Ni haifaffen Jibiya ne, amma gidana cikin gari yake, kuma tun da na dawo daga Zariya kaina na can sama wajen manyan abubuwa. Awa biyu da rabi ina ɗora wa ƙasashe huɗu laifi, ban dubi abin da ke kan buhu kusa da gwiwata ba.

Isuhu ya danna sau uku da babban yatsansa mai baƙin mai, ya miƙo mini. Lambar ta zabura: ashirin, arba'in, saba'in. Maƙwabtan shago suka tuna suna da aiki, suka zame ɗaya bayan ɗaya, kuma na gode masu. Takarda ta fito tsaf, kyakkyawa, sha biyu da rabi. Lokacin har ma'aikatan boda sun fara ɗaukar darduma.

Motar ba ta tsallaka ba sai wajen la'asar. Kafin nan an sauke kwandunan ƙasa guda shida da suka yi laushi. Na durƙusa zan ba da haƙuri. Sai wani ya zo wucewa ya tambayi abin da ya tsayar da kaya, Baba ya ce, "Na'ura ce sabuwa, ba ta saba da wurin ba. Amma ka ga takardar? Ko ta gwamnati ba ta hi ta kyau ba." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Da yamma aka kawo kwando biyu gidana, da saƙon wai a gaida Malam, a yanka a shanya kada su lalace. Matata ba ta tambaye ni komai ba, wanda ya nuna ta riga ta ji komai. Muka zauna muna yanka har hannuna ya yi ja, muka baza a kan tabarma da rufin ɗaki. Kauɗar nan sai da muka yi wata huɗu muna cin miyarta, kuma duk ranar da ta zuba mini sai ta ce, "Injiniya, a ƙara miya?"

Yanzu in abu ya ƙi sauka, kafin in taɓa sunan kowace ƙasa sai na ɗaga wayata na duba a ina take kwana. In kuma direba ya ce bari ya je ya kama layi, ni ke fara cewa Allah ya kiyaye hanya.