Yadda Za Ki Tatsi Labari Daga Bakin Jikarki Lauya

'Yar'uwa, in Allah ya jarabce ki da jika lauya, mai ciki fal da asirin mutane amma baki kamar an ɗinke, matso kusa. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan, labarin da take ɓoyewa zai tako da ƙafarsa har ƙofar ɗakinki. Ni haka ya same ni.

Mataki na ɗaya: Nemi dalilin zuwa ofis

Zuba abinci a kula, ki ce kin ga ta rame. Zauna a bencin jira kusa da fanka, ki yi kamar kina gyangyaɗi, ido ɗaya a buɗe. A haka na ga mai kitson layinmu ta fito daga ɗakin jikata tana share hawaye, jikar kuma tana kwatanta mata ofishin wani lauya. Mai kitson nan ce na taɓa cewa matajinta yana raba kwarkwata. Ba da mugunta ba, taimakon jama'a ne. Tana ganina ta ɗauke kai, ko gaisuwa babu.

Nan na san akwai magana, kuma dole in riga maƙwabciyata matar direba ji. Ta daɗe tana neman ƙwace mini matsayina na mai fara kawo labari a layin.

Mataki na biyu: Bi ta lallashi

Tuna mata bayan da ya goya ta. Tuna mata zanen da ta jiƙa miki da fitsari. In hawaye ya samu, ƙara.

Tawa ta cinye abincin tas, ta goge baki, ta ce, "Kaka, abin da aka faɗa mini a ɗakin nan amana ne. In ya fita, lasisina za a karɓe, in rataye baƙar rigar nan har abada."

Na ce ai ni ba bare ba ce. Ta ce ni ce ma dalilin da ya sa aka kafa dokar.

Mataki na uku: Yi ta jefa zato

Ce mata saki ne. Ce mata gado ne. Ce mata rigimar fili ce. Kina faɗa kina duba fuskarta. Sai dai ki sani, a makarantarsu har darasin daskarar da fuska ake yi musu; bangon ɗakin ya fi ta motsi. Abin da kawai ta ce, don Allah kwanakin nan in rage magana a kan mutane. Mai hankali ta san in lauya ta ce a yi shiru, to labarin babba ne.

Mataki na huɗu: Cike gurbin da kanki

Abin da ba a ba ki ba, ɗinka shi. Na koma layi na sanar cewa shari'ar mai kitso ta yi ƙazantar da jikata ma ta ƙi taɓa ta. Matar direba ta saki baki tana saurare, har tana sa ni in maimaita. Ranar na ci abinci da daɗi.

Mataki na biyar: Tarbi baƙonki

Muna zaune a tabarma da rana tsaka masinjan kotu ya yi sallama, ya tambayi tsohuwar gidan. Na gyara ɗankwali. Ya ce sammaci ne, mai kitso ta yi ƙarata kan ɓata suna, wai tun zancen kwarkwata masu zuwa kitso suka watse. Ashe abin da ya kai ta ofis ke nan, jikata kuwa ta ƙi karɓa don aikinsu bai yarda lauya ta riƙe ƙara a kan kakarta ba. Sabon zancen da na ɗinka ma an haɗa, kuma matar direba ce shaida.

Kin ga dai na cika alkawari. Labari ya zo har gida.

Mataki na shida: Kada ki dogara da jini

Na ruga ofis na ce ta sa hular gashinta ta lauyoyi ta tsaya mini. Ta ce ina, ta riga ta ji ta bakin mai kitso, ba ta da halin komawa ɓangarena.

"To me karatun naki ya tsinana mini?"

"Ya hana ni zama ke, Kaka."

Ta miƙa ni ga wani abokin aikinta, siriri mai tabarau. Shawararsa guda: kada in ce uffan a kan kowa sai an gama shari'a. Yanzu ina ganin sabuwar mota a ƙofar gidan tela, abin ya taso mini har wuya, in haɗiye.

Jan kunne

Duk wadda ta bi matakan nan ta tsinci kanta gaban alƙali, ita ta jiyo, ba ruwana. In an tambaye ki inda kika samo su, ba ki san ni ba. Lauyana ya hana ni magana, kuma ban yi ba. Rubutawa na yi.