Sanarwar Rasuwar Tabarau Mai Mai Da Mutum Ɓera

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar abin da zai biyo baya, ni Babaji Isiyaku, malami a ɗakin binciken magunguna da ke hanyar Batagarawa, nake sanar da rasuwar tabarauna na VR, wanda ɗalibai ke kira Malam Tausayi.

Marigayin bai taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Ka ɗaura shi a fuska kawai, sai ka tsinci kanka cikin keji, kai ne farin ɓeran gwaji. Ka ji ƙofa ta yi ƙaras, ga ƙaton hannu cikin safa yana saukowa da allura. Kabiru, ɗalibin da a da yake ɗaga ɓera ta wutsiya yana fito, ya ɗaura tabarau sau ɗaya tak. Tun ranar bai sake shiga ɗakin ɓeraye ba sai da sallama.

Ya daɗe yana fama da kumburin batir. Mai gyara a Ƙofar Kaura ya duba shi, ya girgiza kai, ya miƙo mini abina.

Abin da ke ci mini rai shi ne lokacin da ya zaɓa. Sabon shugabanmu, Dakta Sada, ya soke allurar kashe zafi a gwajin ranar Litinin, wai ɓarna ce. Na roƙe shi har na gaji kafin ya yarda ya sa tabarau. Yana ɗaurawa marigayin ya yi tiit, tiit, ya cika a kan fuskarsa. Dakta ya zauna cikin duhu na ɗan lokaci, ya cire, ya shaida wa ɗalibai cewa yanzu ya gani da idonsa, ɓera ba ya ganin komai, ba ya jin komai.

Ya rasu ya bar caja, da igiyar ɗaurawa, da ni, da ɓerayen da ya rage musu azaba. Cikinsu har da Sabuwa, wadda ta haihu makon jiya, kuma tana cikin waɗanda za a fara da su.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar ɗakin ɓeraye, a yi magana ƙasa-ƙasa. Za a kai shi makwancinsa ranar Litinin bayan la'asar, a ramin da ke bayan ɗakin bincike, da zarar an tashi daga gwaji. An riga an gaya wa mai haƙa ya faɗaɗa ramin.