Awara a Kan Binciken Yaya

Ba zan taɓa mantawa da ƙasan awarar nan ba. Ita ce ta ƙarshe, na juya ta zan dangwali yaji, sai na ga wani farin abu ya manne mata kamar ɓawon ƙwai. Sauran kuwa duk suna cikina.

Yayana Sadisu kimiyya yake karanta a jami'a. Da ya zo hutu gida Rogo, ya jera gilashi da tayil da wani fallen alminiyom a kan katanga, kowanne ya shafe shi da wani sinadari siriri, wai titaniyom dayoksayid. Ya ce abin da aka shimfiɗa shi a kai ke canza masa hali, shi ne yake son ganin inda ya fi kamawa. (Na ce to, ina danna waya.) Ya tafi Karaye ɗaurin aure. Ni kuma ƙyuyar wanke-wanke ta sa da na ga alminiyom ɗin fes a rana, na juye awara da zafinta a kai.

Na kira shi, bai ɗaga ba. Inna ta ɗura mini manja tana salati. Da na ji harshena kamar ya yi nauyi, na zari hijabi na shiga neman gafara gida-gida. Har gidan su Auwal, mai zuwa zance wurina, na faɗa. Na durƙusa gaban mahaifiyarsa, wadda kullum nake kauce wa hanya don kunya, manja har haɓa, na ce ta yafe mini, ta kuma ce wa ɗanta ya nemi wata. Baiwar Allah ta ce, "Wace ce ke, 'yata?" Na faɗi sunana, a gaban baƙinta.

Bayan la'asar Yaya ya kira. Ina kuka, shi kuwa tambayarsa ta farko ita ce a kan wanne na ci.

"Alminiyom? Ya ɓare ke nan. Na gilashin fa, duba mini."

Na ce Yaya mutuwa fa zan yi. Ya ce ba inda za ni, har a man goge baki ana sa irinsa, abin da na haɗiya bai kai ƙwayar gero ba.

 Na dai koyi cewa kafin ki zaga unguwa yin sallama, ki bari a ɗaga waya tukuna.