Rasuwar Akuya, Mota Mai Lamba Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kaina a ɗage, ni Nives Dal Farra, matar marigayi Ermes mai garejin bakin gada, nake sanar da mutanen Valmorena, da 'yan ƙungiyar tseren hawan Dutsen Faldon, da dillalan tsofaffin motoci na kusa da na nesa, rasuwar motar tserenmu wadda kowa ya sani da suna Akuya. Rai ya yi halinsa ranar Lahadin tsere, da ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe, a Kwanar Rijiya, tana da shekara saba'in da huɗu a duniya. Ta mutu. Bari in maimaita saboda dillalai: ta mutu murus, kuma ba za ta tashi ba.

An haifi marigayiyar a shekarar 1951, a maƙerar Gelindo Zanvettor da ke bayan coci. Da tarkacen da yaƙi ya bari ya haɗa ta: bututun ƙarfe, da fallen jikin wani jirgi da ya faɗo a gonar surukinsa, da ɗan injin da ya ciro daga motar mai burodi. Da ya gama sai ya yanki tagulla daidai tafin hannu, ya buga sunansa da lamba uku, ya ɗaure ta a ƙarƙashin sitiyari da ƙusa huɗu. Motoci uku kacal Gelindo ya ƙera kafin ya koma ga Mahaliccinsa. Yau idan ka zaga wuraren baje kolin masu kuɗi, biyar za ka ƙirga, ban da tawa, kuma kowacce da takardunta. Ikon Allah! Motocin Gelindo sun fi haihuwa bayan mutuwarsa.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce, kada a yi mata ƙarya a bayan ranta. Hancinta a karkace yake, kujerarta tana gasa baya, kuma da safe sai an roƙe ta. Tuf. Tuf-tuf. Sai ta yi shiru kamar ta fasa, sai kuma ta kece da ƙarrrr, har karnukan layin su ɗauka. In ta shiga giya ta biyu a kan hawa, wani kuka take yi, mbeeee, wanda ya jawo mata sunanta. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ko motar madara tana wuce ta. Amma a ba ta dutse! Kilomita bakwai, lanƙwasa talatin da ɗaya, mota ɗaya a kan hanya sai agogon Ottorino, mai rubuta lokacin tsere, yana ƙirga mata, nan ne za ka san abin da Gelindo ya nufa.

Ta zauna a hannu shida ban da na maƙerinta, kuma zan ambaci kowa, don akwai masu son a ambaci ɗaya kawai.

Bayan Gelindo sai Alvise, ɗan gidan Conte, basaraken yankinmu, wanda ya riƙe ta wata biyar. Shi ya ci kofin Faldon da ita a 1953, aka ɗauke shi hoto da farin ɗankwali a wuya, sannan ya gundura ya koma harkar kwale-kwale. Daga shi sai Tarcisio mahauci, mai tsere da ita ranar Lahadi, ranar Litinin kuma ya ɗaura mata cinyar bijimi a kujerar gefe ya kai wa masu otal. Tarcisio ne ya ba Dirce ungozoma ita kyauta, ranar da ta fitar masa da matarsa da tagwayensa da rai. Shekara goma sha biyu Dirce tana hawa da ita ƙauyukan saman dutse, jakarta a gefe, sarƙa a tayoyi, bargo biyu a kafaɗa domin motar ba ta da rufi. A watan Janairun 1957, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, motar likita ta tsaya a Kwanar Rijiya ta juya. Akuya ba ta juya ba. Jaririyar da ta zo a gicciye a gidan ƙarshe na saman Faldon ranar, wadda Dirce ta juyo da hannunta, ita ce take rubuta wannan sanarwa.

Da Dirce ta tsufa, motar ta koma rumbun Oreste manomi, inda kaji suka yi shekara goma sha huɗu suna ƙwai a kujerarta. Oreste bai taɓa tayar da ita ba, amma duk kaka sai ya zuba mata mai a inji ya juya shi da hannu, kuma ya kori masu sayen tsohon ƙarfe sau ba adadi. Ba don shi ba da tuni an narkar da ita an yi tukwane. A wurinsa mijina Ermes ya karɓo ta, ya shekara uku yana gyara, ya shekara ashirin da ɗaya yana tsere da ita bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai kuma taɓa dawowa gida da fushi ba. Da ya rasu, maza suka yi ta zuwa gaisuwa suna leƙen gareji. Na ce musu su sha kofi su kama gabansu. Tseren da ya biyo baya ni na zauna a kujerar, kuma shekara goma sha tara ke nan ban sauka ba.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Tun bazara take ɗan tari, birkinta yana laushi in ya yi zafi, ni kuma na san da haka, na hau. Wannan laifin nawa ne, ba na neman wanda zai taya ni ɗauka. A lanƙwasa ta goma sha tara na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa. Muka daki katangar Kwanar Rijiya da gefe, tankin mai ya fashe. Masu tuta biyu da ke gadin kwanar suka fizgo ni waje da karyayyen ƙashin wuya, babu gira ko ɗaya. Ina kwance a ciyawa na ji injinta yana ta bugawa cikin wutar, tuf-tuf, tuf-tuf, tuf, sannan ya yi shiru. Jikinta ya narke ya bi kwata. Da aka kashe wutar ba abin da ya rage sai baƙin ƙarfe a lanƙwashe, da zoben sitiyari, da tagullar Gelindo, ta yi baƙi amma ana karanta lambar sarai.

Ta rasu ta bar ni. Ta bar mutum ashirin da uku da ke raye cikin waɗanda ta kai wa ungozoma, ciki har da direban motar makaranta da matar mai kantin magani. Ta bar jikokin Tarcisio, da jikan Oreste mai tarakta, da Ottorino mai agogo wanda ya rubuta lokacinta sau arba'in, da ɗana Loris magini, wanda har yanzu ba ya yi mini magana sosai. Dalilin rashin maganar shi ne dalilin wannan sanarwa.

Kwana biyu da haɗarin, ina gadon asibiti, sai ga wani Dottor Malvestiti, dillalin tsofaffin motoci daga birni, da furanni cike da hannu da takalmi mai ƙyalli. Loris ne ya shigo da shi.

"Signora, sannu da wannan babban rashi," in ji shi. "Amma ki kwantar da hankalinki. A sana'armu mota ba ta mutuwa muddin lambarta tana nan. Ki ba ni tagullar da takardu, wata takwas in dawo miki da ita sabuwa ful."

Na ce, "Dottore, da me za ka dawo da ita? Ta bi kwata, a gabana."

Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Ƙarfe ai ƙarfe ne, Signora. Tarihi ake saye." Sai ya zaro takardar tallar gwanjon da za a sayar da sabuwar motar a cikinsa, wai har ya sa an tsara. Hoton Alvise ne da ɗankwalinsa ya cika shafin. A ƙasa an rubuta: motar Conte, gwarzuwar 1953, daga nan ta ratsa hannun wasu mutane.

Wasu mutane! Dirce ce wasu mutane. Oreste da kajinsa, Tarcisio, Ermes da ya bar fatar yatsunsa a cikin injin nan, duk wasu mutane ne. Wata biyar na ɗan Conte sun haɗiye shekara saba'in da uku.

"Mama, don Allah ki saurare shi," in ji Loris. "Rufin gareji yana yoyo, ke ga ki a kwance. Ƙarfe ne fa, ba Baba ba ne."

"Na san ba babanka ba ne, ja'iri. Babanka da ya ga wannan takardar da ya goge dattin hannunsa da ita."

Dottore ba wawa ba ne, ya san inda zai taɓa. Ya matso da kujera ya rage murya. "Kafin a kai ta gwanjo, ke za ki hau da ita Faldon. Kuma zan sa wa mai saye sharaɗi, duk shekara a kawo miki ita ranar tsere. Signora, a shekarunki wa zai sake ba ki mota?"

Ba zan ɓoye ba, maganar nan ta shige ni. Ba wanda zai sake ba ni mota, gaskiyarsa. Shekarata sittin da takwas, ba ni da wata, ba ni da halin wata. Na yi mako guda tagullar tana aljihun rigata, ina shafa ta, ina jin ƙanshin mai mai zafi a layin tashi, ina ganin hannun Ottorino a sama yana ƙirga mini biyar, huɗu, uku. Wallahi na so. Na so har na ɗauki waya sau biyu. Abin da ya hana ni shi ne na hango kaina zaune cikin sabuwar mota mai madaidaicin hanci, ina ɗaga wa mutanen garin nan hannu, su kuma suna tafi don kunyata, kowa ya san ƙarya ce, kuma fuskata ce shaidar ƙaryar.

Da na ce a'a, sai Dottore ya tattara takardunsa ya ce, cikin ladabi, "Tagulla ba wuyar bugawa gare ta ba, Signora. Lamba ɗaya ma ai a ƙasashe uku take yanzu."

To, na gode da tunin. Na tambayi sakataren ƙungiya, ya tabbatar mini: mota takan tashi daga kabari ne idan ba wanda ya rubuta mutuwarta. Mota mai lamba ɗaya da mai lamba biyu sun ɓace shiru, shi ya sa suke ta haihuwa. Don haka wannan sanarwa an aika ta mujallar ƙungiya, an shigar da ita littafin tarihin motoci, da hoton gawar, da sa hannun masu tuta biyu da shugaban 'yan kwana-kwana. Duk wanda nan gaba ya ga wata mota mai lamba uku da sunan Gelindo, tana sheƙi a kan jan kafet, ya sani ba 'yar gidanmu ba ce. Ya saya in kuɗi sun yi masa yawa, amma kada ya kira ta Akuya.

Ga yadda jana'iza za ta kasance.

Ranar Lahadi mai zuwa, bayan an fito coci, za a taru a Kwanar Rijiya, inda ta tsaya. Ottorino ya ƙi rubuta "ba ta ƙarasa ba" a gaban sunanta. Ya bar layin fili, ya ce shi dai ya ga tashinta, bai ga isowarta ba, saboda haka a wurinsa tana kan hanya. Jikan Oreste zai ɗora abin da ya rage a keken tarakta, mutum ashirin da ukun da Dirce ta karɓi haihuwarsu su biyo baya a ƙafa, mu ƙarasa mata lanƙwasa goma sha biyun da suka rage. Mai ciwon gwiwa ya hau keken, ba abin kunya ba ne. Idan muka ƙetare layin ƙarshe Ottorino zai rubuta lokacinta: mako uku cur da 'yan awoyi. Ba a taɓa yin lokaci mai muni haka a Faldon ba, amma ta ƙarasa.

Daga nan za a gangaro wurin katangar da ta rusa. Don Celestino, limamin cocinmu, ya ce shi ba ya sallar gawar mota, amma ba abin da ya hana shi sa wa katanga albarka, in kuma ruwan ya fantsama wani wuri ba ruwansa. Za a kafa dutse mai suna shida, duk da haruffa masu girma ɗaya, na ɗan Conte daidai da na mai kaji. Tagullar za ta shiga cikin siminti, lambar tana kallon ciki. Jiya Loris ya zo ya auna katangar, bai kalle ni ba. Da zai tafi ya ce, "In dai sai an yi wannan haukan, ni zan kwaɓa simintin. Na wani ba zai kai hunturu biyu ba."

Za a ci polenta, tuwon masararmu, da cuku a gareji, kowa ya zo da kujerarsa, kuma a kauce wa wurin da ke yoyo. Ba a buƙatar furanni, na Dottore ma na ba akuyar maƙwabta. Kada kowa ya zo mini da zancen haƙuri, za a samu wata. Ba za a samu ba. Na san abin da nake binnewa, kuma ba mota kaɗai ba ce: ba zan ƙara ganin hannun Ottorino daga bayan sitiyari ba har in bi Ermes. Na zaɓa, idona biyu.

Wanda har yanzu yake son lambar, ya san inda take. Ya zo da guduma, ya zo da rana tsaka. Zai tarar da ni zaune a kan katangar.

Sanarwa daga Nives Dal Farra, hannu na shida kuma na ƙarshe.