Rasuwar Mai Jiƙaƙƙiyar Riga, Wanda Ya Tafi Bai Faɗi Mai Kisan Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da na rasa wanda zan sauke wa, ni Inuwa, tafintan kantin fata da ƙiraga a Yerwa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman jama'ar rumfar Madu mai banda, rasuwar littafina kuma abokin hirarmu, wanda muka fi sani da Mai Jiƙaƙƙiyar Riga. Ya rasu a ɗakina da ke unguwar Hausari cikin watan Safar na wannan shekara ta 1944, ina can Dikwa ina auna fata. Ban samu ganawa da shi ba.

Marigayin haifaffen ƙasar Wales ne. Ya zo Barno a aljihun Mista Howel, wani makanikin jirgin sama da ya yi 'yan watanni a filin jirgi, mutumin da in ka kira shi Ingilishi yakan ɓata rai kamar yadda Madu, da yake Babarbare ne, yake yi in baƙo ya ce masa Bahaushe. Ranar da zai wuce Masar ya miƙa mini littafin ba bango, ba shafin farko, don haka har littafin ya bar duniya ba mu san sunansa na yanka ba. Na tambayi Mista Howel yadda labarin ya ƙare, ya tuntsire da dariya ya hau jirgi. Ban ce Allah ya isa ba, amma na kusa.

Duk wanda ya zauna da marigayin ya san shi da iya zance da rashin tausayi. Labarin wani gari yake bayarwa a bakin teku, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. A garin aka tsinci shugaban mawaƙan coci a cikin gangar kifi mai gishiri, ƙafafunsa a sama, kuma ba wanda ya yi kuka sai mai gangar. Aka ɗauko wani mai binciken laifi da ofishinsa ke saman shagon suyar kifi, rigarsa ba ta taɓa bushewa ba, shi ya sa muka raɗa wa littafin wannan suna. Ba babin da za a gama ba a rotsa masa kai a wani lungu ba, kuma ba babin da bai tashi ya nemi hularsa ba.

Har yanzu ina jin muryarsa. “Ta shigo ofishina cikin baƙaƙen kaya, idanunta a bushe. Su kaɗai ne busasshen abu a garin.” Haka yake magana, ba ya murmushi, mu kuwa muna riƙe ciki. Ina kuma jin ƙaras-ƙaras ɗin shafinsa in na juya, ƙarar da takan sa Madu ya bar mai sayen banda a tsaye.

Wata biyar muka yi muna karatunsa bayan la'asar, shafi biyu a rana, ina juyawa da Hausa, Madu yana ƙara juyawa da Barbarci ga waɗanda Hausar ta yi wa nisa, yana kuma cusa nasa. Mutum uku ake zargi: matar mamacin, wadda ta sa aka haɗa akwatin gawa tun saura mako guda mijin ya mutu, mai gadin fitilar jiragen ruwa, da ɗan sandan garin, wanda mamacin ya kora daga cikin mawaƙa saboda munin murya. Madu ya rantse matar ce. Hamisu baduku ya ce ɗan sandan ne, don shi ma an taɓa hana shi kiran salla, ya san abin da ke zuwa wa mutum a rai. A kan wannan gardama suka yi kwana goma ba sa cin goron juna.

Ranar ƙarshe, mai binciken ya tara su a shagon suya, ya kulle ƙofa, ya tuɓe rigar nan karo na farko, ya ce, “Wanda ya kashe shi yana cikin ɗakin nan.” Saura ganye shida na takarda labarin ya ƙare. Sai na rufe littafin, don in ja musu rai. Na riga na yi musu rantsuwa ba zan taɓa leƙa gaba ni kaɗai ba, na kuma cika, abin da zan yi nadamarsa har kabari. Washegari da safe aka tura ni Dikwa.

Game da ciwon ajalinsa, gaskiya ta tilasta mini in ce ni na shuka shi. Tun farko na tsorata kada matata Yagana ta yagi shafi ta ƙulle daddawa, sai na sa shi a gafaka na rataye can sama, na ce mata littafin asirin Turawa ne, kada kowa ya taɓa. Wata rana kuma, bakina da ba ya gajiya, na ba ta labarin mutumin da ke ciki, wanda ake fasa wa kai kullum amma ba ya mutuwa. Yagana ta kai wa mahaifiyarta, Ya Kaltum, wannan magana yadda na faɗe ta, ba ragi.

Ina Dikwa tari mai tsanani ya kama 'yarmu Bintu, wadda ba ta cika shekara ba. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi hayaƙi, abin sai gaba yake yi. Ya Kaltum ta ɗaga kai ta ga gafaka. A saninta ƙarfin kowane littafi a ƙarshensa yake, inda ake rufewa da addu'a, don haka ba ta taɓa farko ba, ba ta taɓa tsakiya ba. Ganye shidan nan ta yanke da aska, tsaf, ta ninke su ƙanana ta kai wa baduku ya ɗinke su laya uku. Badukun kuwa Hamisu ne. Mutumin da ya yi wata biyar yana jiran ganyen nan, shi ya naɗe su da fata ya bi da zare ninki biyu, har yana yaba kyan takardar.

Na dawo bayan kwana tara na tarar da Bintu tana wasa a tabarma, marigayin kuma yana rataye a inda na bar shi, ya rame ta baya. Ya Kaltum ta tare ni daga bakin ɗaki, ta ce, “Wushe, Malam, sannu da hanya. Littafin nan naka yana da ƙarfi. Kwana biyu da rataya mata tarin ya tafi.” Na durƙusa, kaina a ƙasa, na ce, “Alhamdu lillahi, Ya. Allah ya saka da alheri.” Me zan ce? Suruka ce. Kuma in na buɗe baki, sai in fara da cewa ni maƙaryaci ne.

Marigayin ya bar shafi kusan ɗari uku, gafaka ɗaya, masu sauraro goma sha huɗu da ba sa amsa sallamata da daɗin rai, da marayu uku cikin fata. Na farko yana wuyan ƙanen Ya Kaltum, wanda ya kama hanyar Makka a ƙafa ta Fort Lamy, ana sa ran dawowarsa nan da shekara uku in hanya ta yi kyau. Na biyu an ɗaura wa bijiminta, ta kuma sayar da bijimin a kasuwa da layar a wuyansa. Na ukun yana gidana. Na matsa wa Hamisu da tambaya, ya ce shi bai iya boko ba, amma ya tuna takardar da rabinta fari ne, ba rubutu, ita ya sa a ta yarinyar. Wato shafin ƙarshe, inda muke sa ran sunan mai kisan yake. Da ya gane abin da ya yi, sai ya zauna a ƙasa ya ce, “Inuwa, da hannuna?” Na ce masa da hannunsa, ninki biyu.

Ba zan ɓoye ba, wata rana da azahar Bintu tana barci na ɗauko aska. Ni ɗan boko ne, na san takardar Wales ba ta maganin tari, Allah ne ya yaye. Na kama zaren ke nan Yagana ta ce daga bakin ƙofa, “Malam, farke mana. Amma in ta sake tari ko sau ɗaya, kai za ka je ka gaya wa Ya.” Na dubi yarinyar, numfashinta na fita sumul, hannunta dunƙule a kan layar. Duk bokon nawa ya kasa ɗaga askar nan, kuma har yau haushin kaina nake ji.

Ba za a yi wa marigayin salla ba, domin iyakar saninmu ɗan coci ne. Za a naɗe abin da ya rage nasa a farin ƙyalle, a sa shi a ƙasan adakata ranar Juma'a. Zaman makoki a rumfar Madu bayan la'asar, kwana ɗaya tak. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tambaye ni wa ya yi kisan, ana kuma roƙon Madu ya bar cewa matar ce, ko da na yinin nan ne.

Ya Kaltum ta ce ba za a cire layar ba sai Bintu ta shekara bakwai. Mai haƙuri ya jira tare da mu. Wanda ya matsu kuwa ya biyo Hausari, zai ga sunan mai kisan rataye a wuyanta. Amma ya yi sauri, don ta fara haƙori, kuma duk duniya ba abin da take son taunawa kamar layar nan.