'Ya'yan Eulogio Huɗu a Cikin Inji

"Lafiya lau, Abuelo. Kai fa, har yanzu kana da rai?"

"Ina nan daram, Injiniya. Sai na ga ranar da digirinki zai kwance noti ɗaya."

Yaimara ta tsallake kwanon baƙin mai ta sumbaci kakanta a goshi. Tsakar gidan tsoho Eulogio a garin Matanzas ta koma gareji. Injin motarsa 'yar 1953 na kwance rigingine a kan tayoyi. Jiya wata maƙwabciya ta iso daga Miami da sababbin metal a akwatinta, 'yan faifan ƙarfen nan da kiranshaf, babbar sandar cikin inji, ke juyawa a kansu. Ranar Asabar ƙanwar Yaimara, Lianet, za ta cika shekara sha biyar, ranar da a nan ake yi wa budurwa babban biki, kuma tun tana jaririya tsohon ya yi rantsuwa a motarsa za a zaga gari da ita. Yau Alhamis.

"Har ka ɗaure? Ba mun ce ka jira ni ba?"

"In jira ki? Ina haɗa injin nan uwarki na tsotson yatsa! Ido rufe na ɗaure shi."

"Ai kullum a rufe yake. Ba kai ka gaida bishiyar ayaba ranar Lahadi ba?"

"Ta fi ki ladabi, ta rusuna min. Matsa ki sha kallo. Da ɗan yatsa zan juya shi, ya yi santsi kamar man alade."

Ya sa sifana a kan kiranshaf, ya ɗaga ɗan yatsa sama don ta gani, ya tura. Shiru. Ya sa hannu biyu. Ya sa ƙirji har hularsa ta faɗi. Ko gezau.

"Wane yatsan ka ce?"

"Kunyarki yake ji."

"Bari in je in kama wa Lianet keken doki tun da wuri. A sa mata rigar bikin, a ɗaura wa dokin fure."

Tsohon ya zauna a kan bokiti yana murza hular. Yaimara ba ta taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba sai yau, sai ta ji dariyar ta maƙale mata. Ta durƙusa ta bi murafan nan huɗu da ke danne kiranshaf da kallo. Kowane murfi da gurbinsa, in aka sauya musu wuri kiranshaf ba zai juya ba. Eulogio bai yarda da lamba ba. Shekara arba'in da suka wuce ya raɗa wa kowane murfi sunan 'yarsa ɗaya, daga babba zuwa auta, ya ɗiga masa jan farcen mai sunan. Ta goge su da tsumma. Ja, ruwan hoda, ruwan goro, fari.

Ta yi tsalle har ta kusa kifar da kwanon.

"Abuelo! Faɗa min 'ya'yanka!"

"Kin ga alamar na ruɗe ne?"

"Faɗa dai!"

"Caridad, Mireya, Odalys, Nena."

"Mamata Mireya ruwan me take shafawa?"

"Ruwan goro mana."

"To me Anti Odalys take yi a gabanta?"

Ya leƙo. Ya ciro tabarau daga aljihu ya sake leƙowa.

"Wannan yarinya! Tun a teburin abinci haka take, sai ta sha gaban yayarta."

"Ita ta hau da kanta kenan?"

"A teburin domino na jera su. Waɗancan tsofaffin banzan suka zo wasa jiya, suka kwashe min 'ya'ya suka zube a taga."

"Kai kuma ka manta wadda ka fara haifa. Wayyo, yau Mama za ta ji an rage mata shekara biyu!"

"Ai godiya za ta yi min. Miƙo sifana mai lamba sha shida, sarkin surutu!"

Suka kwance na tsakiya biyun. Ta duba sababbin metal ɗin a hasken rana, ba su ƙwarzane ba. Ta shafa musu mai, ta mayar da uwarta gidanta, ta mayar da Odalys nata. Yana ƙirga ɗaurin da baki, tana ce masa ƙarya yake, ya ƙara. Da suka gama ya miƙa hannu zai kama sifana, sai ya fasa.

"Juya ke. Hannuna ya yi wa injin nan ƙarfi."

Ta tura a hankali. Kiranshaf ya bi hannunta sumul, ya zagayo, ya sake zagayowa.

"Ya tafi! Lianet, fito! Ya tafi!" Tsohon ya cilla hula sama, ya kama ƙugu yana taka rawa tsakanin tayoyi, kajin gidan suka watse.

"To wa ya gyara?"

"Ni na haifi wadda ta haife ki, saboda haka ni ne."

"Shi kenan, bari in kira Mama."

Ya riƙo hannunta yana dariya har da tari. Ya zaro makullin motar daga igiyar wuyansa ya danƙa mata a tafin hannu, duk mai.

"Na sallama, Injiniya. Ranar Asabar ke za ki ja. Ni baya zan zauna kusa da Lianet, ina ɗaga wa mutane hannu. Amma in maganar nan ta kai kunnen Mireya, zan ce ke ce ba ki gane uwarki ba."